Rubutun da ke Bayan Takardun Jarrabawa

Ku gyara zama yau, masu karatu, don abin da zan faɗa muku ko aminiyata ban faɗa wa ba tukuna. Waɗanda suka cika min waya da tambayar me ya sa na yi shiru har mako uku, ku yi haƙuri, ba jan aji nake yi ba. Kuka na sha na ƙoshi. Ni kuwa in na yi kuka idanuna kumbura suke yi, ko allon waya ba na gani sosai balle in zauna rubutu.

Ga wadda yau ta fara shigowa, ni mai buga rubutu ce. Ina aiki a wani ɗan shago mai kwamfuta uku da injin kwafi ɗaya da ke cinye takarda duk ranar da ya ga dama. Ɗalibai su kawo aikinsu, masu neman aiki su kawo wasiƙa, ni kuma ina kujerar kusa da taga ina ta ƙwanƙwasa har yatsuna su yi tsami. A nan na san shi. Shagonsa na ƙarshen layin da shagonmu yake, bayan na mai gyaran agogo. Littattafai yake ɗinkewa, waɗanda suka tsufa suka yage kuma ya yi musu sabon bango. Ni na sa masa suna Mai Zare, saboda ban taɓa ganinsa ba tare da wani ɗan farin zare maƙale a rigarsa ba. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kuma in ya yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi.

Shekara huɗu ke nan yana kawo min rubutun hannu in buga, littattafan wani marubuci da ke kiran kansa Tsohon Maƙwabci. Labaran soyayya ne na zamanin da, lokacin da wasiƙa ke yin wata guda a hanya, kuma a kowane littafi sai ka samu wani yana ɓoye ko shi wane ne. Matan unguwarmu har faɗa suke yi a kan aron littattafan nan. Ba wanda ya san marubucin, amma ni na san hannun da ke zuwa min, don irinsa ne a kan allon da ke ƙofar shagon Mai Zare. Na tambaye shi ya fi sau goma. Kullum amsar ɗaya ce, wai shi ɗan aike ne, kwafa kawai yake yi da hannunsa don mai abin ba ya son a ga nasa. Na ce a raina, su Malam kunya, to Allah ya ƙara basira. Kowa a layin shagonmu haka ya ɗauka, shi ne marubucin yake noƙewa.

Ba zan ɓoye muku ba, ta cikin shafukan nan na fara son sa. Sai daga baya na gane ko babu littafi ko ɗaya, mutumin da zai tsaya ya jira in gama aikin wata tsohuwa kafin ya miƙo nasa, ya kuma ɗauko mata kujera, ina son sa haka nan.

Yanzu sai Baba. Mahaifina shugaban makarantar firamare ne da ya yi ritaya, amma har gobe jan biro ba ya barin aljihun gaban rigarsa. Katin gayyata in aka kawo gidanmu sai ya gyara shi kafin ya ce Allah ya sanya alheri. Ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, kuma duk gidan an san ni ce ta gaban goshi. Umma kuwa mace ce mai shiru. In Baba ya yi magana ta ce "To, Malam," ta wuce kicin. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ko a kan ƙanwata Auta da bakinta ba ya rufuwa.

Ranar da Mai Zare ya fara zuwa gaida Baba, ya sa wata riga ruwan toka da ta sha guga har tana ƙyalli, ni kuma na sa doguwar rigata kore mai ƙananan furanni a hannu, na yafa farin mayafi, na laɓe a bayan labulen falo kamar ba ni na share falon sau biyu ba. Hira ta yi daɗi. Baba ya ji sana'arsa ya ce mai gyara littafi ba ya zama mutumin banza. Da Umma ta shigo amsa gaisuwa, sai Mai Zare ya miƙe zumbur har gwiwarsa ta bugi teburi, kofin shayi ya tuntsire. Na yi ta tsokanarsa a waya da yamma, na ce in haka kake tsoron suruka tun yanzu ai mun shiga uku. Ya turo min fuskar dariya ɗaya kawai.

Auta ce ta ɓallo ruwa. Ana cin abinci ta ce wai Baba ya san surukin nasa babban marubuci ne? Ta ruga ta ɗauko sabon littafin, Mai Sunan Wansa, kashi na ɗaya, ta ajiye masa. Baba ya juya shi gaba da baya, ya ce zai duba ya ga ko yaron ya iya Hausa. Ya zaro jan biro, muka yi dariya har da Umma, ko da yake na lura tata dariyar ba ta kai ido ba.

Ga abin da ke cikin littafin a taƙaice. A zamanin da ake shimfiɗa layin dogo, wani saurayi ya samu katin aiki a wani gari mai nisa, har ya yi ta musayar wasiƙa da wani mai shago kusa da tasha wanda zai ba shi masauki. Saura mako guda ya tafi, zazzaɓi ya yi ajalinsa. Ƙanensa, wanda aka bar wa tsohuwar uwa da ƙanne mata, ya ɗauki katin, tunda a lokacin ba a liƙa hoto, ya je ya amsa sunan wansa. Mai shagon yana da 'ya, ita ke karanta wa mahaifinta wasiƙu. Sauran kun san yadda take kasancewa. Kashi na ɗaya ya ƙare a ranar aurensu, ango yana ta gumi don amarya ba ta san ko wa ta aura ba.

Washegari na ga littafin a kan kujerar Baba na buɗe. Jan layi a kowane shafi, nan waƙafi, can babban baƙi, har shafi na arba'in da ɗaya, daidai inda ƙanen ya ɗauki katin. Daga nan zuwa ƙarshe babu ko ɗigo. Ranar Baba bai ci abincin rana ba, bai kunna rediyo ba.

Da Mai Zare ya dawo ranar Asabar, a ƙofar gida Baba ya tare shi, maƙwabta na zaune a kan benci suna kallo. Ina tsaye a zaure da tiren ruwa a hannuna, na ji komai.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ba ni ba ne, Baba."

"To wa ya rubuta? Wa ya ba da labarin?"

"Ka gafarce ni, Baba. Amana ce, ba zan iya faɗa ba."

Baba ya ce masa mutumin da ke tallar asirin gidajen mutane, sannan ya dubi idon dattijo ya yi masa ƙarya, ba zai ba shi 'yarsa ba, kuma kar ya sake ganin ƙafarsa a layin nan. Mai Zare ya durƙusa ya ce Allah ya huci zuciyarsa, ya tashi ya tafi. Baba ya juyo gare ni ya tambaye ni ko ni ce nake kwasar zancen gida ina kaiwa waje. Na ce wane zancen gida? Ya dube ni ya daɗe, ya gane ban san komai ba, ya shige ɗakinsa ya rufe.

Mako ukun da suka biyo baya, kar Allah ya maimaita min irinsu. Na yi ta aika wa Mai Zare saƙo. Na rubuta, "In kai ne ka faɗa, in ba kai ba ne ka faɗi mai shi, mene ne abin wahala?" Ya amsa, "In na saki amanar wani don in same ki, me zai sa ki ba ni taki?" Na ce masa ya riƙe hikimarsa ya sa a littafi. Na rufe lambarsa kwana biyu, na sake buɗewa don in ga ko ya yi magana, na tarar da saƙo ɗaya tak, wai in daina zama da yunwa. Haushi ya ƙara kama ni don gaskiya ne, ban ci komai ba.

Haushin Umma ma na ji, kuma ba kaɗan ba. Na roƙe ta ta sa baki ta ce in yi haƙuri. Kullum da hantsi, da Baba ya fita majalisarsu ta tsofaffin malamai, sai ta shige sito ta turo ƙofa, wai tana gyaran kaya. Na ce a raina, 'yarki na nan tana ƙonewa ke kina jera tukwane.

Ranar Talatar nan da ta wuce ina shago, ina buga wa wani ɗalibi aikin da ko shi bai san me ya rubuta ba, sai inuwa ta tare min hasken taga. Mai Zare ne, hannunsa na dama naɗe da bandeji har wuyan hannu. Duk fushin da na tanada ya gudu ya bar ni. Ya ce injin yanka takarda ne ya taɓa shi, an yi masa ɗinki, likita ya ce wata guda ba riƙe biro. Ya ajiye wata babbar ambulan ruwan ƙasa a kan teburina da hannun hagu.

"Kashi na biyu ne. Na ce a jira in warke in kwafa, an ce ba za a jira ba. An ce in ba ki shi yadda yake."

Na tambaye shi ko ya san abin da yake yi. Ya ce wannan karon ba shi ke da ta cewa ba, ya juya ya fita, har ya manta bai gaida uwar ɗakina mai shagon ba.

Na buɗe ambulan. Abin da na fara gani lissafin yara ne, bakwai sau takwas, da jan maki a gefe, da sa hannun da ko a mafarki na gan shi zan gane, na Baba. Takardun jarrabawa ne tsofaffi. Lokacin da Baba ya yi ritaya ya kwaso buhu uku na irinsu ya hana a ƙona, wai akwai gumin yara a ciki, aka jibge su a sitonmu. Sai na lura akwai wani abu a bayan takardar. Da na juya, ga rubutu nan ƙanana a jere, da shuɗin biro, kowane "k" da doguwar jela. Wannan hannun shi ne a jikin robar sukari da ta gishiri a kicin ɗinmu. Shi ne a 'yan takardun da nake tararwa a jakata lokacin ina makarantar kwana, masu cewa in riƙa shan ruwa.

Masu karatu, Tsohon Maƙwabci Ummata ce. Matar da na ɗauka ba ta san komai ba sai to Malam da jera tukwane, ita ce ta sa ni kuka a kan kwamfuta shekara huɗu. Sai a lokacin na gane abin da ya sa kofin shayi ya tuntsire. Bawan Allah ya zo neman aure ya ga wadda ke kawo masa rubutu a cikin tsofaffin littattafan gyara.

Ban buga ko harafi ɗaya ba. Na zauna na karance shi tas, ɗalibin na ta tsaki har ya gaji ya koma wajen abokiyar aikina. Da na kai shafin ƙarshe na ce wa uwar ɗakina kaina ke ciwo, ta dubi idona ta ce in je.

A kicin na samu Umma tana yanka albasa, ɗankwalinta ya zame baya, furfurar gaban goshinta a waje. Na ajiye ambulan a kan teburi kusa da ita. Ta kalle ta, ta ci gaba da yanka.

"Kin karanta?"

"Har ƙarshe, Umma. Mako uku kina kallona ina kuka. Kina ji aka ci masa mutunci a ƙofar gida saboda ke."

Ban taɓa yi mata magana da wannan muryar ba, kuma na ji kunya tun kafin in rufe baki. Ta ajiye wuƙar ta wanke hannu, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta ce in zauna ni ma. Ta ce labarin na Kaka ne, mahaifiyar Baba, kuma ƙanen da ya ɗauki katin shi ne kakana. Wata bakwai ta yi tana jinyar Kaka lokacin ina 'yar shekara shida, ita ke juya ta, ita ke taje mata kai, a nan tsohuwar ta riƙa ba ta labarin kaɗan-kaɗan. Ta kuma roƙe ta kar ta faɗa wa Baba, don yana ganin mahaifinsa mutum ne da bai taɓa karkacewa ba, kar a ɓata masa shi. Umma ta riƙe shekara ashirin. Littattafai huɗun farko ƙirƙirarsu ta yi, amma wannan ya ƙi barinta ta yi barci, sai ta sauya garuruwa da kamanni ta rubuta, tana ganin Malam ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai buɗe littafin soyayya ba.

"Ranar da na ga jan biron ya tsaya," in ji ta, "na gane ashe ya sani. Amma rabi ya sani, 'yar Baba, rabin mai ciwo."

Na ce to me ya hana ta faɗa masa tun ranar? Ta ce sau uku tana zuwa ƙofar ɗakinsa tana dawowa. Shekara talatin da biyu in ya yi magana tana cewa to, bakinta bai saba kai zance ƙarshe a gabansa ba, a takarda kawai take iyawa. Shi ya sa ta shige sito tana rubutu har yatsanta ya yi kanta, don ta gama ta ba shi cikakke. Ta nuna min yatsan. Ta ce amanar Kaka don a kare shi aka ba ta, yanzu kuwa riƙewar ce ke cutar da shi, ta san tsohuwar za ta yafe mata. Ni kuma ta sa a ba ni ne don tana tsoro, tana son in tsaya kusa da ita.

Na rungume ta, warin albasa da komai, muka yi kukanmu muka share. Sannan na tambaye ta ta yaya ta san zancen soyayya haka, ta kai min duka da ludayi ta ce in kiyaye ta.

Bayan la'asar Baba na falo a kujerarsa, rediyo a kashe kamar yadda yake tun ranar nan. Umma ta fito daga ɗaki cikin rigarta mai ruwan zuma wadda take sawa in za ta unguwa, har da mayafi da turare, a cikin gidanta. Na biyo ta a baya. Ta durƙusa ta ajiye takardun a kan teburin gabansa. Baba ya sa tabarau, ya ga jan makinsa, nan take ya haɗe rai ya tambayi wanda ya taɓa masa buhunan sito.

"Juya bayan, Malam."

Ya juya. Na ga idonsa ya bi layi ɗaya, biyu, ya tsaya. Ya ɗago ya dubi Umma kamar yau aka kawo ta gidan.

"Ke ce?"

"Ni ce. Yaron nan kwafa kawai yake yi, ni na roƙe shi ya rufa min asiri. Ka karanta daga inda na naɗe, in ka gama duk hukuncin da ka yanke na karɓa."

Ya buɗe wajen, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Daga ƙarshe ya miƙo min takardar ya ce, "Uwata, karanta." Wajen da amaryar nan ce take magana bayan ta tsufa. Na karanta da muryar da ba ta yi kama da tawa ba:

"Tun washegarin saukarsa na san ba shi ba ne. Mai rubuto wasiƙun ya taɓa gaya wa mahaifina cewa yana da ƙane bahago, mai yin fito in yana aiki, har sunansa ya rubuta, wai in an samu gurbi a taimaka masa shi ma. Da safe na leƙa ta taga na ga baƙonmu yana faskare da hagu, yana fito a hankali. Na koma na ɗauko wasiƙar na sake karantawa, sannan na sa ta a murhu. Ba tausayinsa kaɗai na ji ba, kar in yi wa Allah ƙarya. Shekara arba'in da shida muka yi tare ban taɓa kiransa da sunan aron nan ba, mutane na cewa kunya ce irin ta mutanen da. Ranar da zai cika na sa bakina a kunnensa na kira shi da sunansa na gaskiya. Ya buɗe ido ya ce, tun yaushe? Na ce, tun faskare. Dariya ce abu na ƙarshe da na gani a fuskarsa."

Na sauke takardar, ta riga ta fara jiƙewa a hannuna. Baba ya dafa hannun kujera da hannu biyu.

"Ina ɗakin ranar," ya ce. "Na ga ya yi dariya. Ban san dalili ba."

Sai ya ba mu nasa rabin, a hankali, yana kallon ƙasa. Bayan rasuwar kakana yana gyara masa akwatin ƙarfe ya tarar da wata wasiƙa da uwar kakan ta sa aka rubuto, tana kiransa da wani suna dabam, tana ce masa ya riƙe sunan wansa da kyau kar ya zubar masa da mutunci. Baba ya ɓoye wasiƙar. Shekara tara yana kallon mahaifiyarsa yana ganin mace ce da aka yaudara tun daga ranar aurenta, yana haɗiyewa don kar ta sani. Ya ce akwai ranar da ya kasa yi wa mahaifinsa addu'a, ya daɗe yana jin nauyin wannan. Da ya ga labarin a littafi a hannun 'ya'yansa, ya ɗauka wani ne ya tono ya kai kasuwa ana yi wa uwarsa dariya.

"Ashe ta sani," ya ce. Ya sake cewa, "Ashe ta sani, ta zauna."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Bai ɓoye ba, bai kuma share ba. Umma ta matsa ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta ce ya yafe mata. Ya ce a bari tukuna ya gane wa zai yafe wa wa. Can ya tambaye ta littafi nawa ta rubuta, ta ce biyar. Ya ce a cikin gidana? Ta ce a cikin sito dai. Wani abu ya kufce masa tsakanin tari da dariya, ni ma na saki tawa, hanci na zuba.

Ni fa duk wannan ina ta addu'a a zuciyata Allah ya sa a tuna da ni, don kun san abin da ya dame ni. Ban isa in ce komai ba. Baba ya tattara takardun ya daidaita gefensu a kan gwiwarsa, ya miƙe ya shiga ɗakinsa da su. Na ce a raina shi ke nan, zai sake rufe ƙofa. Umma ta riƙe hannuna, nata ya fi nawa sanyi.

Bai fi minti biyar ba ya fito da hularsa a kai, da takalminsa na fita.

"Yaron nan ya san gaskiya," ya ce, "kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa. Na kira shi maƙaryaci a gaban maƙwabta, ya durƙusa ya ba ni haƙuri."

Umma ta ce a kira shi a waya ya zo gobe. Baba ya ce a'a. Abin da aka ɓata a tsaye a bainar jama'a ba a gyara shi daga kan kujera, kuma ba yaron ne zai tako ba. Na fizgi hijabina daga kan igiya ko guga babu, na zura hannu a ƙarƙashinsa na rubuta wa Mai Zare saƙo a waya da yatsa ɗaya, "Baba na zuwa shagonka yanzu. Da kansa. Kar ka gudu." Saƙon ya tafi, ba a buɗe ba.

A ƙofar gida maƙwabtan nan na zaune a kan bencinsu. Baba ya yi musu sallama da ƙarfi, ya ce musu za shi wajen surukinsa ne ya ba shi haƙuri. Surukinsa fa ya ce, masu karatu, da kunnena na ji. Sannan ya juyo ya dube ni, idonsa har yanzu ja.

"Wuce gaba, Uwata. Ban san shagon ba."

Na wuce gaba. Kafin mu sha kwanar mai gyaran agogo na saci kallon wayar sau ɗaya. Har yanzu bai buɗe saƙon ba, kuma daga nan ina hango ƙofar shagonsa a buɗe.